Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga 'yan'uwana Hausawa masu aikin zuma tsakanin Ɗa'ifa da Tihama a ƙasar Saudiyya, kan maganin farwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Dattawanmu, ina gaisuwa tare da ban girma. Sa'o'ina da ƙannena, sannunku da aiki, sannu da shan harbi. Da ku duka nake: mai amyar kansa, da wanda yake kula da ta kafili, wato ubangidansa, ana biyan sa a wata, da yaran da suka shigo sana'ar bara waɗanda har yanzu aikinsu hura hayaƙi ne da lodin akwatuna a mota cikin dare.

Ranar da muka zauna bayan isha a kwarin da muka sauke amya, hira ta gangaro kan farwa, 'yar kaskar nan da take cin ƙudan zuma, sai tambaya ɗaya ta yi ta yawo kamar kofin shayi: wane magani ne ya fi ƙarfi? Wani ya ce zirin roba, wani ya ce asid, wani ya rantse da kwalin da yake jiƙawa da kansa. Na yi shiru saboda akwai manya a wurin, kuma ba a tsinke wa babba zance. Amma shirun ya hana ni barci, domin tambayar da ake yi ita ce ta cinye mini amyoyi. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Wanda ya ga na yi kuskure ya gyara mini, ni ba likitan ƙwari ba ne, ma'aikaci ne da ya sha wuya ya koma ya yi tambaya.

Shekara uku ke nan da na sauko daga Shafa, can kan dutsen Ɗa'ifa, da amya sittin da huɗu, na koma dutse da ashirin da uku. Ba sakaci na yi ba, ko kuwa in ce haka nake gani a lokacin. Na sayi ziri a wani shago, na rataya, na biya kuɗina, hankalina ya kwanta. Da ƙuda ya fara raguwa sai na ɗora wa warwar, tsuntsun nan mai cin ƙudan zuma, laifi, daga nan na koma kan rina, daga baya har na fara zargin bakin mutane. Ina ganin ƙudaje suna rarrafe a bakin amya da fukafukai a cukurkuɗe kamar an murje takarda, ina cewa sanyi ne. Sai da wani Basudane da ya daɗe a sana'ar ya ɗebi rabin kofi na ƙuda daga amyar da nake alfahari da ita, ya girgiza su a ruwan sabulu, ya tace a gabana. Na ƙirga da yatsana: talatin da ɗaya, jajaye, kowacce kamar ƙwayar riɗi. Wannan fa bayan magani ke nan. Gani ya kori ji.

Ku yi haƙuri in ɗan tsaya kan ita kanta farwar, domin wanda bai san inda ɓarawo yake kwana ba, a banza yake gadin ƙofa. Larabawa suna ce mata farwa, mu kuwa in muna so mu fassara wa yaro sai mu ce kaskar zuma, kuma sunan ya dace, dangin kaska ce. Faɗinta bai kai milimita biyu ba. Asalinta a jikin ƙudan zumar gabashin Asiya take, wanda ya daɗe da ita har ya san yadda zai yi da ita. A ƙarnin da ya wuce ta tsallako kan irin ƙudan da mu muke kiwo, ta bi fatauci ta gama duniya: ta shiga Amurka a 1987, Ingila a 1992, har Ostareliya da ta daɗe tana tsare iyakarta ta same ta a 2022, kuma a shekarar da ta biyo baya gwamnatin can ta haƙura da yunƙurin kawar da ita, ta koma koya wa mutane zama da ita. In ƙasa mai wannan ƙarfi ta haƙura, to ni da kai mu cire rai da maganin da za a zuba sau ɗaya a huta.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne inda take haihuwa. Macen takan faɗa cikin ramin tsutsa ana gab da rufe shi da kaki, sai ƙudan su rufe da ita a ciki. Can take yin ƙwai, can 'ya'yanta suke girma suna cin jikin ɗan ƙudan. Ramin ma'aikaciya yana kwana goma sha biyu a rufe, na namiji ya fi haka da kwana biyu ko uku, shi ya sa ta fi son na maza, 'ya'yanta sun fi samun lokacin nuna. Da ana cewa jinin ƙuda take sha. A 2019 wani masani a Amurka, Samuel Ramsey, ya nuna cewa kitsen cikin ƙudan take ci, wanda yake yi masa aiki irin na hanta. Kuma ba cin kaɗai ba, tana ɗura masa cuta, musamman wadda take murɗe fiffike. Saboda haka duk lokacin da uwa, wato sarauniyar amya, take zuba ƙwai sosai, mafi yawan farwa ba ta kan ƙudan da kake gani, tana ƙarƙashin murfi. Ku riƙe wannan, domin a kansa duk maganar magunguna take juyawa.

To, zirin da ya yaudare ni. Irin na Apistan ne, mai sinadarin fulubalinet. Lokacin da ya fito, abin al'ajabi ne, kusan duk farwar amya yake kashewa. Amma tun farkon shekarun 1990 aka fara ganin farwar da ba ta jin sa a arewacin Italiya, daga nan labarin ya bazu ƙasa bayan ƙasa. Dalilin ba boyayye ba ne. In ka zuba magani ya kashe casa'in da tara cikin ɗari, ɗayar da ta tsira ita ce za ta haifi na baɗi, kuma 'ya'yanta da taurin uwarsu za su zo. In ka maimaita maganin nan shekara da shekaru, da hannunka kake zaɓo masu tauri kana ba su gida. Mafi muni shi ne abin da da yawanmu muke yi: a rataya ziri a manta da shi wata huɗu, wata biyar, har ƙuda ya liƙe shi da danƙo. An ce a cire shi bayan mako shida zuwa takwas. In ya wuce haka ƙarfinsa ya ragu, ba ya kisa, sai dai ya zama makaranta inda farwa take koyon jure masa. Kuma kada wani ya ce ya canza magani don ya bar Apistan ya koma Bayvarol. Sunan kwali ne ya canza, sinadaran biyu 'yan gida ɗaya ne, farwar da ta ƙi jin wannan galibi ba ta jin wancan.

Amitaraz, wanda ake sayarwa da sunan Apivar, gidansa daban, kuma gaskiya a hannuna shi ne ya fi yin aiki cikin zirorin. Zafi bai dame shi ba, wannan kuwa babban abu ne a ƙasar nan. Amma yana da sharuɗɗa da mutane suke tsallakewa. Ba turare ba ne da zai cika amya da kansa, sai ƙuda ya goga jikinsa a zirin ya kai wa 'yan'uwansa, don haka a tsakiyar 'ya'ya ake rataya shi, inda ƙuda ya fi cinkoso, ba a gefe can jikin katako ba. Ziri ɗaya ga kowane birwaz (katakon da yake riƙe da saƙa) biyar da ƙuda ya rufe, ba a raba ɗaya gida biyu don tsimi. Yana buƙatar aƙalla mako shida, saboda ba ya shiga ƙarƙashin murfi, jira yake farwa ta fito zubi bayan zubi. Kuma ba a sa shi alhali ana tara zumar da za a sayar. Ga kuma labarin da ya kamata ya tayar mana da hankali: bayan mummunar asarar da manyan masu kiwon zuma na Amurka suka yi a hunturun da ya shiga 2025, masu binciken ma'aikatar noma ta ƙasar sun duba farwar amyoyin da suka mutu, suka tarar da alamar jure wa amitaraz a kusan dukkansu. Can ma abin da ya jawo shi ne dogaro da magani ɗaya shekara da shekaru. Gemun ɗan'uwa ya kama da wuta.

Yanzu in zo kan maganar da na san za ta ɓata wa wasu rai, ciki har da mutanen da nake jin nauyinsu. Kwalin da ake yankawa a jiƙa da maganin kaskar raƙuma da tumaki, ko maganin feshin gona, a cusa a amya. Na san dalilin. Kwalba ɗaya ta riyal kaɗan tana isar manhal guda, wato duk amyoyin da aka jera a wuri ɗaya, ziri na gaske kuwa kuɗinsa yana ciwo, kafili kuma wani lokaci ba ya son jin maganar kashe kuɗi. Na kuma san yana zubar da farwa, na gani da idona, washegari ka ga ƙasan amya ja. Amma wa ya auna abin da kwalin ya sha? Yau ya yi yawa ya kashe uwa, gobe ya yi kaɗan. Ƙarfinsa a kwana biyu ko uku yake fita gaba ɗaya ya ƙare, alhali na ƙarƙashin murfi ba su fito ba tukuna. Sannan wasu daga cikin sinadaran nan, irin su fulubalinet, kaki yana shanye su ya riƙe shekaru, mu kuma muna narkar da kakin mu mayar wa ƙuda. Ku tuna wa yake sayen zumarmu. Tsohuwa ce mai ciwon ciki, alhaji ne da zai kai tsaraba Kano ko Damagaram, uba ne da zai lasa wa yaronsa mai tari. Ba don zaƙi kaɗai suke biyan ɗaruruwan riyal a kan kilo ɗaya na zumar kurna ba, sun saya ne don Allah ya ce a cikinta akwai waraka ga mutane. Mu da muke zaune a maƙwabtan Harami bai kamata a ce a hannunmu aka gauraya wannan da maganin kaska ba. Ƙanena da kake aiki a ƙarƙashin wani, in an ba ka kwalba an ce ka jiƙa, ka faɗa wa mai amyar cikin ladabi cewa in aka gwada zumar aka sami wani abu, sunansa ne zai ɓaci a kasuwa. Wannan harshen kowane mai dukiya yana jin sa.

Sauran magungunan su ne waɗanda ake ce wa na ɗabi'a, kuma a nan ne ƙasarmu ta bambanta da ƙasashen da aka rubuta takardun maganin dominsu. Asid ɗin fomik, wanda Larabawa suke danganta sunansa da tururuwa, shi kaɗai ne tururinsa yake ratsa murfi ya kashe farwa a ɗakin haihuwarta. Da jin haka sai mutum ya ce an gama. Amma takardarsa ta ce zafin rana ya kasance tsakanin digiri 10 da kusan 30, musamman kwana ukun farko. In ya haura haka, tururin yana tashi da ƙarfi lokaci ɗaya, ya kashe 'ya'ya, ya kashe uwa, wani lokaci ƙuda ya fice ya bar maka akwati. To ku gaya mini, wata nawa ne a shekara rana take tsayawa ƙasa da 30 a Lis ko Ƙunfuza, garuruwan Tihama na bakin teku? A can ƙasa ban ba kowa shawarar sa ba. A kan dutse kuwa, Shafa da Hada da Baha, inda tsayi ya kai mita dubu biyu ko kusa da haka, akwai makonni a farkon bazara da kuma bayan zafi ya karye da yake yin aiki mai kyau. Wanda ya ce fomik banza ne da wanda ya ce shi ne sarki, duka gaskiyar inda suka sa shi suke faɗa.

Taimol, man da ake samu daga za'atar, ya fi haƙuri da zafi. Apiguard ana sa shi daga digiri 15 zuwa wajen 40, zubi biyu, mako biyu tsakani, in zafi ya yi yawa a rage yawan kowane zubi. Aikinsa matsakaici ne, wani lokaci ya burge ka, wani lokaci ya bar saura, kuma warinsa yana kama zuma, ƙuda ma yakan taru a waje yana fifita. Na gwada, ina ajiye shi don canji.

Wanda na fi so mu fahimta shi ne asid ɗin oksalik, domin yana da araha, ba ya taruwa a kaki, kuma shi ne aka fi zalunta da rashin sani. In babu 'ya'ya a rufe, zubi ɗaya yana kashe sama da casa'in cikin ɗari. In akwai 'ya'ya a rufe, sai ya kashe na waje kawai ya bar rumbun, bayan mako biyu ka ga kamar ba ka yi komai ba. Turawa suna da hunturun da uwa take daina ƙwai, sai su zuba a lokacin. Mu kuwa da hannunmu muke hana uwa hutu: sanyi ya shigo dutse mu gudu Tihama, zafi ya shigo Tihama mu gudu dutse, kullum muna bin fure, kullum akwai 'ya'ya. Abin da yake kawo mana zuma shi ne yake ciyar da farwa shekara zagaye. Amma akwai ƙofofi biyu. Ta farko, ƙudan da ake shigowa da shi daga Masar a kwali, da kuma ɓarin da ya tashi ka kama: daga ranar da uwa ta fara ƙwai akwai wajen kwana takwas kafin a fara rufe ramuka, duk farwar da suka zo da ita tana fili. Wannan makon zinariya ne, kuma kusan kowa yana barin sa ya wuce yana jiran ƙuda ya zauna. Ta biyu dabarar masu zumar Italiya ce: a tsare uwa a ɗan keji cikin amya kwana ashirin da huɗu ko da biyar, har duk na rufe su ƙyanƙyashe, sannan a zuba oksalik a sake ta. Na yi wannan a amya goma lokacin da fure ya yanke, lokacin da dama ƙwan ba shi da amfani, kuma ban taɓa ganin ƙirga ta faɗi irin haka ba. Ana ɗiga shi cikin ruwan sukari, mililita biyar a kowane tsakanin birwaz da ƙuda ya cika, ko a ƙona shi ya zama tururi. Mai ƙonawa don Allah ya sa abin rufe hanci na gaske da tabarau, shimagi da aka naɗa a fuska ba ya tare asid. Na san yaron da ya yi mako yana tari.

Wani zai ce shi ƙudansa ɗan ƙasa ne, baladi, farwa ba ta kama shi. Ɗan ƙasa, wanda masana suke danganta sunansa da Yaman, ƙarami ne, mai jure zafi da yunwa, kuma ni ma na lura ya fi na Masar tsayawa a gaban farwa. Amma jurewa daban, tsira daban. Sannan yawancinsa a amyar itace yake, doguwar nan da ba a zare saƙarta a duba, don haka mai ita shi ne na ƙarshen sanin abin da ke ciki. Ko a ita ana iya ɗiban ƙuda ta baya a ƙirga.

Ƙirgar nan ita ce duk abin da nake roƙo, kuma ba ta cin minti biyar. Ka zaro birwaz mai 'ya'ya, ka tabbata uwa ba ta kai, ka kakkaɓe ƙudan a roba, ka ɗebi rabin kofi, wajen ƙuda ɗari uku ke nan. Ka zuba a kwalba mai ruwa da ɗan sabulun wanke kwano, ka girgiza minti ɗaya, ka tace ta rariya mai faɗin ido a kan farin ƙyalle. In ka ga tara, uku cikin ɗari ke nan, lokacin magani ya yi, wasu ma daga shida suke farawa. Wanda zuciyarsa ba ta ɗaukar kashe ƙuda ɗari uku ya yi da garin sukari, sai dai a laimar Tihama yana dunƙulewa ya ɓoye maka gaskiya. Ni na zaɓi in rasa ɗari uku da in rasa amya. Kuma ƙirga biyu ce: ɗaya kafin magani, ɗaya bayan an gama. Ta biyun ita ce take amsa tambayar da muka kwana muna gardama a kanta, domin ita za ta gaya maka ko maganin ya yi aiki a amyarka, a kwarinka, a bana. Da na yi ta shekara uku da suka wuce, da na gane zirina ya mutu tun ina da lokacin canzawa.

Dattawa, ga inda nake buƙatar bakinku, domin nawa bai kai ba. Lokacin kurna mukan jera amyoyi a kwari ɗaya, na wannan yana kallon na wancan. Amyar da farwa ta raunana, ƙudan maƙwabta ne suke shiga su kwashe zumarta, su dawo gida da farwa a bayansu. Sai mutum ya yi magani tsaf, ƙirgarsa ta sauka zuwa ɗaya, bayan wata guda ta koma goma sha biyar, ya zagi magani, alhali daga manhal ɗin da ke bayan dutse take zuwa. Ina roƙon ku sa baki mu tsayar da makonni ɗaya da kowa zai yi magani tare, mako bakwai ko takwas kafin kurna ta buɗe domin a cire ziri kafin zuma ta shigo, sannan a sake dubawa bayan an yanke. Mu kuma yarda cewa abin da aka sa a wannan zagaye ba shi za a sa a na gaba ba. In mun haɗa kuɗi muka sayi katan daga wurin da yake da lasisi, da kwanan watan ƙarewa a jiki, farashin zai sauko har mai amya goma ya iya, kuma hujjar kwalin jiƙo ta faɗi.

Juma'a mai zuwa bayan la'asar zan kasance a manhal ɗina da kwalabe uku da rariya da farin ƙyalle. Duk wanda yake so ya zo, mu fara da amyoyina a gaban kowa, in ya so daga nan mu wuce na wanda ya yarda. Baba, ku da kuka ce idonku ya gaza ganin ƙananan abubuwa, ku turo yaran, su za su ƙirga.

Wassalam.

Ɗanku kuma ɗan'uwanku,
mai kiwon zuma a Ɗa'ifa